Ranar da Ƙanena Ya Taya Mota Mai Ɗaki

Ni na kawo ƙanena Dubai. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ce ba na ƙaunar yaron. Ni na yi masa biza, ni na nema masa gado a wani fulat na haɗaka a Al Nahda, ni na zaga da shi lungunan Deira har ya gane shagon da ke sayar da abaya ta ƙwarai da wanda tasa za ta koɗe a wankin farko. Da ya waye muka haɗa jari. Ni ke sayen kaya, abayoyi da mayafai da turare da takalman mata. Shi ke kai su sito a Al Quoz, ya tsaya a ɗaure, a loda. Katin bankin kasuwancin yana aljihunsa, tunda shi ke biyan masu sito da masu jirgi.

Shekararmu duka a kan kwantena ɗaya take tsaye, ta kayan ƙaramar sallah. Dole ta bar nan tun azumi da saura, ta sha ruwa har Legas, ta fito daga tasha, ta hau tirela, ta isa Kano masu shaguna a Kwari su baje kafin mata su fara fitowa. In ta makara, abaya ba ta ruɓewa, amma mai shagon da ya jira ka bai ga kaya ba ya riga ya cika kantarsa da na wani.

A lokacin sanyin nan nasu Larabawa kan fita sahara su kwana. Mutum da gidansa na bene, da katifarsa, sai ya kwashi iyali ya je ya kwanta a kan rairayi, wai hutu. Mu da muka taso muna addu'ar Allah ya raba mu da kwanan ƙasa. To saboda irinsu ake wani baje koli na kayan fita daji, tantuna da fitilu da kujerun naɗewa da manyan motoci. A shekarar da nake ba da labari, ana saura kaɗan mu fara lodi, ƙanena ya ce za su leƙa shi da abokansa biyu, Alhaji mai wayoyi da Alhaji mai takalma, duk 'yan Kano ne masu saro kaya irinmu. Na ce zan bi su. An ce min akwai kuloli da ƙananan murhun gas, na ce bari in ga ko akwai abin da zai karɓu a gida.

Ranar ƙarshe ta baje kolin muka je. Zaure ne wanda ba ka ganin ƙarshensa, fitilu kamar za su ƙona ido, tutoci, kiɗa, 'yan mata na bin mutane da gahawa da dabino. Na duba kulolin, na ga na Deira ne aka goge aka ninka musu kuɗi. Ina juyowa na nemi mazan na rasa. Sai can na hango hular ƙanena ta tagar wata mota fara, doguwa kamar bas ɗin Legas.

Ya leƙo. "Yaya, shigo ki ga ikon Allah."

"Ikon Allah na baro shi a waje. Wannan aikin kafinta ne."

Na dai hau. Larabawa na ce mata karaban, mu kuwa tun ranar mota mai ɗaki muke ce mata. Akwai gado a can ƙarshe, da tebur mai naɗewa, da firji, da murhu, da talabijin. Alhaji mai wayoyi ya miƙe a kan gadon da takalminsa, Alhaji mai takalma yana ta buɗe durowa yana rufewa yana cewa tabarakallah. Kusa da murhun na ga wata 'yar ƙofa, na zaci ma'ajiyar tukwane ce. Na buɗe. Masai ne. Na ɗora hannu ɗaya a kan murhun, ɗayan a kan ƙofar masan, ban ko ɗaga ƙafa ba.

Ɗan tallan motar yana tsaye a bakin ƙofa, saurayi ne da gashi ya sha mai, haƙoransa duk a waje. Turancina na kasuwa ne, sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga makarantar manya, amma yana kai ni inda nake so. Na tambaye shi, abin da aka yi a nan ciki ina yake tafiya? Ya ce akwai tanki a ƙasan motar, madam.

Na juya ga ƙanena. "Ka ji? Duk inda ka nufa, yana biye da kai."

Alhazan suka tuntsire da dariya. Shi bai yi ba. Yana shafa sitiyari kamar wanda ke shafa kan marayan da ya tsinta.

A jikin gilashin gaba an manna farashi biyu. Na sama an ja masa jan layi, na ƙasa an rubuta shi da manyan baƙaƙe, an ce na baje koli ne, yau zai ƙare. Ɗan tallan ya maimaita mana ya fi a ƙirga. Yau kawai, habibi. Gobe ko ubansa ne ya zo ba zai samu haka ba.

Ƙanena ya rage murya, wai shi mai sirri. "Yaya, ba ki gane ba. Yau kasuwa ke tashi. Kamar ragon layya ne a jajibirin sallah. Mai rago ya gwammace ya karyar da ya koma da shi ƙauye."

"Rago yana cin dusa, shi ya sa. Wannan me take ci? Ƙafa huɗu gare ta na roba, an tashi za a murza makulli ta kai kanta gida."

"Hajjaju ke nan," in ji Alhaji mai wayoyi daga kan gado. "Ki bar yaro ya taɓa mana. Ai ɗan kasuwa ba ya ganin kaya ya wuce bai taya ba. Kai, taya mu ga ƙarfinka. Ko sai Yaya ta ba da izini?"

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta yi aikin. Na ga kunnen ƙanena ya motsa.

Sai na tsaya na yi bayani a nan, saboda yaran da aka haifa a ƙasar nan ba su san abin ba. Mahaifinmu dillalin hatsi ne a Dawanau, a gabansa muka koyi ciniki. A wurinmu tayi iri biyu ne. Akwai na mai saye. Akwai kuma na mai son a san ya zo, wanda zai faɗi kuɗin da ya san ba za a karɓa ba, mai kaya ya ce albarka, a yi dariya, kowa ya kama gabansa da mutuncinsa. Amma ko wane iri ka yi, in mai kaya ya buɗe baki ya ce na sallama, ciniki ya faɗa. Babu takarda, babu sa hannu, kaya sun zama naka. Wanda ya taya aka sallama masa ya zame, an gama da shi a wannan layi. Mahaifinmu ya taɓa hana wani mutum zama a kan buhunsa saboda haka, mutumin da furfurarsa.

Tayi na biyun ƙanena ya yi. Ya gyara hula, ya karɓi kalkuleta daga hannun ɗan tallan, ya danna wani adadi ƙasa da na jikin gilashi sosai, ya miƙa masa yana murmushi. Jira yake a ce albarka. Ya manta cewa mutanen nan ba su da albarka a bakinsu.

Ɗan tallan ya dafe ƙirji kamar an soke shi. Ya ce za a kore shi daga aiki. Ya ce bari ya ga manaja. Ya shiga wani ɗan ɗaki na gilashi, muna hangensu shi da wani mai tumbi suna kaɗa hannu. Ni na sha ganin wannan wasa a Deira, na san mai yiwuwa hirar ƙwallo suke. Ya fito da hannu a miƙe tun daga nesa.

"Mabruk, habibi! Halas. Taka ce."

Ya kama hannun ƙanena ya girgiza. 'Yan matan gahawa suka tafa. Alhaji mai wayoyi ya diro daga gado da waya a sama, ashe tun ɗazu yake ɗauka. "An sallama! Wallahi an sallama masa! Kano ta yi mota mai ɗaki!"

Fuskar ƙanena ta koma kamar ta wanda ya taka ƙusa a cikin masallaci, ba halin ihu. Na ja hannun rigarsa muka sauka, muka koma bayan wani tanti.

"Ka sa hannu a wata takarda?"

"A'a."

"Ka ba su ko dirhami ɗaya?"

"A'a."

"To wuce mu tafi."

"Yaya, an sallama fa."

"Wa ya sallama? Wannan mai man gashin? Ya san me ake nufi da sallama? Tun safe mutum nawa suka girgiza masa hannu suka ce za su je sallah su dawo? Nan ba Dawanau ba ce. Babu wanda ya san ubanka a zauren nan."

Don in cire masa shakka na koma na tambayi ɗan tallan a gabansa. Na ce in mun tafi yanzu akwai matsala? Ya ɗaga kafaɗa. Babu matsala, madam, sai dai farashin yau ne kawai. Har ya fara waige yana neman wani mai shigowa. Ka ji mutumin da ake tsoron saɓa wa alkawari.

Amma ba shi ƙanena ke kallo ba. Alhazan yake kallo. Wayarsa ta fara ƙara a aljihu, don Alhaji mai wayoyi ya riga ya jefa bidiyon a zauren 'yan kasuwarmu na waya. Saƙo na bin saƙo. Allah ya sanya alheri. Allah ya tsare hanya. Wani daga Kano ma har ya ce a ajiye masa kujerar gaba.

Alhaji mai takalma, wanda ya fi su shekaru, ya matso yana gyaran murya. "Hajiya, gaskiya dai an sallama. A gabanmu aka yi. Ɗan gidan dillali kuma."

"Alhaji, kai za ka biya?"

"A'a, ni shaida ne kawai."

"To shaida ya yi shiru."

Ƙanena ya zaro katin. Katinmu. Na ce masa, da Hausa, a hankali, yadda ba zai ce bai ji ba, wannan kuɗin kwantenar sallah ne. Ya ce kafin alƙalami ne kawai zai bayar. Ya ce akwai wani ɗan siyasa a gida da zai saye ta da gudu don yawon kamfe, mutum ya yi taro a ƙauye ya shiga ya yi wanka ya kwanta. Ya ce kafin ranar lodi kuɗi sun dawo har da riba. Duk a tsaye a wurin ya ƙirƙiro ɗan siyasar, ina kallon bakinsa yana ƙera shi.

Ina iya fizge katin. Na yi tunanin haka. Amma in na fizge kati daga hannun namiji mai gemu a gaban waya tana ɗauka, bidiyo na biyu ke nan, kuma shi za a fi kallo. Na tsaya na ga na'ura ta haɗiye kuɗin abayoyina ta yi ƙara ta tofo 'yar takarda. Aka ba shi kyautar kujerun naɗewa biyu da hula mai tambari. Ya karɓa da hannu biyu.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa, zan gajarta. Kafin alƙalami ba a mayarwa, sai a cika ko a yi asara. Ya cika, daga jari. Sai rajista, sai inshora, waɗanda ba a rubuta su a jikin gilashi ba. Ya kawo ta Al Nahda, inda mai ƙaramar mota ma sai ya yi ta zagaye kafin ya samu inda zai saka ta. Mai gadin bene ya fito ya kalle ta ya kalle shi, ya ce yalla, a gaba. Ta ƙare a wani fili bayan sito a Al Quoz, ana biya mata haya duk wata kamar amarya.

Sai maganar kai ta gida. Mutumin da aikinsa ke nan, wanda in ya kalli kwali zai gaya maka nawa za su shiga kwantena, bai tsaya ya kalli tsayin abin da ya taya ba. Ba ta shiga. Ko an sace iskar tayoyin ba ta shiga. Sai dai jirgin da ake tuƙa motoci a shiga da su, da kuɗinsa daban, ga na kwastan yana jira a Legas. Ya samo lambar wani ɗan siyasa na gaske ta hannun wani, ya tura hotuna. Aka ce masa ta yi kyau. Daga nan waya ta daina shiga.

Sau ɗaya suka fita da ita sahara, shi da Alhazan da wasu 'yan rakiya. Ba a gayyace ni ba, ban kuma nema ba. Na ga hotuna, ana shan shayi a kan kujerun kyauta, an ɗaga babban yatsa. Abin da ba a ɗauka a hoto ba, matar Alhaji mai takalma ce ta ba ni labari. Da aka dawo tankin nan ya cika, dole a kai shi inda ake zubarwa, a jawo tiyo a buɗe da hannu. Alhaji mai wayoyi ya tuna yana da baƙi daga filin jirgi. Sauran suka bi shi. Mai mota shi kaɗai ya tsaya da tiyonsa.

Ni kuwa na koma Deira ina bin shagunan da na riga na zaɓi kaya, ina cewa a rage, a rage, a cire wannan. Wani ɗan Indiya da muka yi shekara da shekaru muna ciniki ya tambaye ni ko an yi rasuwa ne a gida. Na ce a'a, an yi mota. Kwantenarmu ba ta tashi ba. Na roƙi wata Hajiya 'yar Maraɗi ta sayar min da gefe a tata, ita kuma jirgin baya ta bi. Kayana suka shiga Kano mutane na cin tuwon sallah.

Na kira babban mai ɗaukar kayana a Kwari, mutumin da tun ina kawo kaya a jaka biyu yake saye a hannuna. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi jikin Innarmu, ya tambayi zafin Dubai. Ya ce Allah ya kai mu baɗi, Hajiya. Bai ce a kawo ko mayafi ɗaya ba.

Mata a nan kan tambaye ni, tunda labarin ya zaga, wai da gaske abu ya fi araha a baje koli? Ga abin da na gani da idona. Da zafi ya shigo, lokacin da ko kare ba ya fita sahara, na bi ta wata unguwar masu sayar da motoci a hanyar Sharja. Na hango irinta a wani fili, fara, doguwa, sabuwa, ƙura ta rufe ta. Na sa mai tasi ya tsaya. Babu tuta, babu kiɗa, babu mai ba ka dabino. Wani mutum ne shi kaɗai a ofis yana cin shinkafa. Na tambaye shi nawa. Bai ko tashi ba. Kuɗin da ya fara faɗa, tun kafin a ce masa rage, bai kai abin da ƙanena ya biya ba bayan duk dafe ƙirji da ganin manaja. Na tsaya ina kallonsa, ya zaci tsada na ji, ya ƙara ragewa da cokali a baki. Na yi masa godiya na fita.

Ban ce kowace mota haka take ba, ni ba dillaliyar motoci ba ce. Amma jan layin nan da ake ja a kan farashi, kowa na da jan biro. Kuma a fili mai ƙura kai kaɗai kake, in ka juya ka tafi babu mai ɗaukarka a waya. A baje koli kuwa ka je da 'yan kallonka a mota ɗaya, ka biya musu kuɗin shiga.

Ban gaya wa ƙanena abin da na gani ba. Na kira shi na ce mu haɗu a sito, za mu raba jari. Ya kai ƙarata wurin Innarmu. Ta bugo daga Kano. "Ke babba ce, ki yi haƙuri. Ciki ɗaya kuka fito."

"Inna, cikin yana nan, ban ce na fasa ba. Aljihu ne za a raba."

Na ce Alhaji mai takalma ya zo, tunda yana son aikin shaida. Muka zauna a kan kwalaye, fankar sito tana kaɗa iska mai zafi. Abin rabawa ba shi da yawa. Ragowar kaya, ɗan abin da ya saura a banki, sai motar, ana hangenta ta ƙofa, tsuntsaye sun yi mata ado.

Ƙanena ya ce, "To motar fa, Yaya? Da kuɗinmu aka saya. Rabinta naki ne. In an sayar sai a raba."

"A'a. Motar taka ce gaba ɗaya, ita ce rabonka. Ni kaya da abin da ke banki."

"A wane farashi za a sa ta? Yanzu fa ta faɗi."

"A farashin da ka taya."

Ya buɗe baki. Ya kalli Alhaji mai takalma, yana neman ceto. Alhaji ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Gaskiya dai, kai ka yanka mata kuɗi da bakinka. A gabana aka yi."

Ƙanena ya sa hannu a aljihu. Sannan ya zaro katin ya ajiye a kan kwali, ban ce ya miƙo min a hannu ba. Na ɗauka na sa a jaka na zuge. Na yi wa Alhaji sallama na fito bakin titi neman tasi. Rana ta take, kwalta na narkewa a ƙarƙashin takalmi. Sai na ji tafiyarsa a bayana.

"Yaya."

"Na'am."

"Ranar Juma'a in zo cin abinci?"

"Ka zo. Zan yi miyar kuka. Amma ka hau jirgin ƙasa, kada ka zo min da ita. Babu wurin ajiyewa."